Ɗana ya fi son dusa da ruwa a kan motar da na saya masa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana yana da shekara 2 da wata 4. Na saya masa motoci da jirgi mai kiɗa, amma ko kallonsu ba ya yi. Da na kau da ido sai in same shi a gindin randa yana juye ruwa daga kofi zuwa kofi, ko ya zura hannu a buhun dusa, ko yana dama ƙasa a murfin tukunya. Ina wanki ba dare ba rana. Surukata ta ce in ƙyale shi, haka ubansa ya yi. Ni kuwa tsoro nake kada ya kwashi cuta, har na fara ba shi waya don ya zauna wuri ɗaya. Yaya zan yi? — Wata uwa daga Gusau

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata. A wannan magana Hajiya surukarki ta fi ki gaskiya, sai dai ba duka ba.

Motar nan abu ɗaya ta iya: a danna, ta yi ƙara. Ruwa kuwa yana zuba, yana jiƙa hannu, kofi ya cika ya yi nauyi, a juye ya koma sakayau. Yaro a shekarun ɗanki da hannu da baki da hanci yake karatu, kuma juye ruwan da yake yi sau ashirin yana ƙarfafa yatsun da za su riƙe alƙalami nan gaba. Maria Montessori, likita 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a Roma a 1907, a kan wannan ta kafa tsarinta: a shirya wa yaro wuri da kaya, a bar shi ya zaɓi abin da zai yi. Makarantun da ke ɗauke da sunanta yau suna karɓar kuɗi masu kauri, a ciki kuma za ki tarar da yara suna kwashe hatsi da cokali daga kwano zuwa kwano. Mu tuwon ƙasa muka sani.

Ki shimfiɗa tsohuwar tabarma a inuwa, ki tuɓe masa kayan kirki. Ki ajiye faranti mai faɗi da dusa kamar gwangwani biyu, da ludayi, da rariya, da ƙaramar ƙwarya. Na ce dusa don kada a taɓa abincin gida, Hajiya ba za ta yarda da almubazzaranci ba, ni ma haka. In ya gama sai a share a zuba wa awaki. Wata rana ki gutsiro gasarar koko ki ɗiga mata ruwa kaɗan: in ya damƙe ta sai ta yi tauri, ya buɗe hannu ta narke ta bi yatsunsa. Na ga manya sun shagala da wannan. Ruwan zoɓo na ba da launi, ɓawon lemo da na'ana'a na ba da ƙamshi, gwangwanin madara mai tsabar gero a ciki, in an liƙe murfin gam, ya zama abin kaɗawa.

Wahalar tana wajenki. Za ki ga ya riƙe ludayi a juye, bakinki zai yi ƙaiƙayi ki ce "ba haka ake yi ba". Ki haɗiye. Kada ki kama hannunsa, kada ki mai da wasan jarrabawa da "wane launi ne wannan?" Ki zauna kusa kina tsintar shinkafarki. In ya ɗago ya dube ki, ki faɗi abin da kika gani: "Ka cika ƙwarya", "Ya yi sanyi ko?" Ta nan kalmomi ke shiga. In ya ƙi taɓa gasara don tana masa ƙyama, ki miƙa masa muciya, kada ki tilasta. In ya tashi bayan minti 5, wasan ya ƙare. Doka ɗaya ce taki: dusa ba ta barin tabarma. Ya watsa sau ɗaya ki tuna masa, ya sake ki ɗauke sai gobe, ba duka ba faɗa.

Inda zan saɓa da Hajiya shi ne ƙasa. Ƙasar tsakar gida da kaji da kyanwa ke bi tana iya ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki. Ke kuma 'yar Zamfara ce, kin san abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. In akwai mai harkar haƙar ma'adinai a gidanku ko maƙwabta, kada yaron ya taɓa ƙasar wurin. Ki samo yashi mai tsabta, ki wanke, ki shanya a rana, ki ajiye a roba mai murfi. Sabulu bayan wasa, kafin abinci.

Wake, gyaɗa, ƙwallon dabino da tsakuwa ba na ɗan ƙasa da shekara 3 ba ne, suna shaƙe yaro ko su maƙale a hanci. Ruwa kuma ɗan kaɗan a faranti ya isa. Ƙaramin yaro kan nutse a bokiti ba tare da an ji motsinsa ba, don haka in za ki tashi ko gishiri ne ɗaukowa, ki tafi da shi ko ki zubar da ruwan.

Waya kuwa ki rage. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana gaban allo, ƙasa da haka ya fi. Wanki zai ragu in kika ware riga ɗaya ta wasa kuma kika sa wasan dab da lokacin wanka. Gadin tabarmar kuma ki ba Hajiya, tunda ita ta fara kare masa.