Ƙarfen zamanin da ko sifirin mota: wanne zan saya wa maƙerana?

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya: yana ba maƙera jari su ƙera masa fartanya, lauje da gatari, yana kaiwa kasuwannin ƙauye. Wani ɗan gwangwan ya yi masa tallan tsofaffin sanduna da sarƙoƙi, ya ce irin baƙin ƙarfen zamanin da ne mai jure tsatsa, kuma kuɗinsa ya ɗara na sifirin mota. Shin ya zuba jarin daminar bana a ciki?

Alhaji, kada ka zuba. Ko da mutumin gaskiya ya faɗa, ba ƙarfen sana'arka ba ne.

Abin da ya raba su sinadarin kabon ne. Baƙin ƙarfe irin na da, ɗan'uwan wanda kakanninmu suka riƙa narkawa daga tama a gindin Dala, kabon ɗin cikinsa bai kai kashi 0.1 cikin 100 ba. Ko maƙeri ya gasa shi ya tsoma a ruwa, ba zai yi tauri ba. Ka yi lauje da shi, kafin a gama yankan kadada ɗaya baki ya dakushe, kuma manomi ba zai je neman ɗan gwangwan ba, rumfarka zai dawo. Sifirin mota kuwa yana da kabon wajen kashi 0.6, shi ya sa yake karɓar tauri ya riƙe kaifi. Haka ma tsohon faifan garmar tarakta, wanda ya dace da fartanya.

Sai gawayi, wanda 'yan kasuwa kan manta da shi wajen lissafi. Ƙarfe irin na da yana da zare-zaren kashin tama a jikinsa, dole a zuga shi har ya yi fari-fari kafin masaba ta hau. In aka buge shi yana ja kawai, sai ya tsage a tsaye. Ka ga ƙarin gawayi da ƙarin wahalar ɗan zuga, ga wanda zai lalace a kan uwar maƙera, duk daga aljihunka. Mai walda ma ba ya son sa.

Ba wai ƙarfen banza ba ne. Yana jure tsatsa fiye da rodi, kuma da irinsa aka gina hasumiyar Eiffel ta Faransa a 1889. Amma tun da wani Baturen Ingila mai suna Bessemer ya fito da hanyar yin ƙarfen zamani da araha a 1856 kasuwar ƙarfe irin na da ta fara ja da baya, yau kusan an daina yin sa. Masu biyan kuɗi mai tsoka a kansa su ne masu gyaran tsofaffin gine-gine a Turai, su kuwa ba sa zuwa cin kasuwar ƙauye.

Ina ma shakkar kayan nasa. Yawancin abin da ake kira ƙarfen zamanin da a wurin 'yan gwangwan ƙarfen gini ne da ya tsufa. Gwajin ba wuya: a yanka sanda zuwa rabi da zarto, a lanƙwasa. Na gaske zai yage da zare-zare kamar ɓawon rake da aka tauna. Ko a ɗora shi a injin wasa wuƙa: tartsatsin na gaske dogo ne, ba ya fashewa sosai, na sifirin kuwa yana tarwatsewa da rassa.

Ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da babban maƙerinka, shi ya zaɓi sifirin, ya duba kowane falle saboda tsaguwa, domin wanda ya gaji a mota yakan karye bayan an gama aiki. Ku yi ciniki a kan kilo, ka sayi kaɗan a ƙera gwaji tukuna, sauran kuɗin kuma ka kama gawayi da su tun ruwa bai sauka ya yi tsada ba.