Ragunan turka suna cin abinci iri ɗaya, me ya sa wasu ba sa ƙiba?

Tambaya: Nakan sayi raguna goma wata uku kafin Babbar Sallah, in ɗaure su ina ba su dusa da harawa daidai wa daida. Shida sukan cika, huɗu kuwa sai ci babu auki, kuɗin abincinsu ya cinye ribar. Ina gyaran yake?

Amsa: Alhaji, abin da rago ya haɗiye ba duka yake zama nama ba. A cikin tumbi, ƙananan halittu ne ke ruɓar da abincin su mayar da shi wasu sinadarai masu tsami, kuma daga waɗannan ne rago ke samun mafi yawan ƙarfinsa. Tun a nan ake fara asara, domin tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfin abincin yana fita a gyatsa a matsayin iskar metan. Busasshiyar ciyawa mai tauri ta fi jawo wannan asara.

Abin da ya shiga jini sai ya isa ƙwayoyin jiki, inda wasu 'yan sassa da ake kira mitokondiriya ke ƙona shi su samar da makamashin da jiki ke aiki da shi. A nan raguna ke bambanta. Na wani ragon sukan bar ƙarfi mai yawa ya tsiyaye ya zama zafi kawai, kamar injin nika da ke shan mai yana ɗumi amma garin kaɗan. Wannan hali ana gadonsa, kuma ba ka da maganinsa a kasuwa. Sai jiki ya biya bukatar numfashi, bugun zuciya da aikin hanta da hanji tukuna, ragowar ce ke zama ƙiba.

Saboda haka sai ka auna, kada ka dogara da ido. Sayi sikeli mai rataya, ka auna kowane rago ranar da ya shigo da kuma duk bayan kwana 14, da safe kafin ya ci. Ware wa kowanne kwanonsa, ka rage abin da ya bari daga lissafi. Rago mai kilo 30 yakan ci busasshen abinci kilo 1 zuwa 1.2 a rana. A ce biyu suna cin kilo 1.2, ɗaya yana ƙara giram 150 a rana, ɗayan giram 80. Na farko yana cin kilo 8 kafin ya ƙara kilo ɗaya, na biyu kilo 15. A kwana 90 kowanne ya cinye kilo 108, amma ɗaya ya ƙara kilo 13.5, ɗayan 7.2. Ninka kilo 8 da kilo 15 ɗin da farashin kilo ɗaya na abincin ka ga wanda ke cin jarinka.

Kafin ka yanke wa rago hukunci, duba abin da ke hannunka. Tsutsar ciki ita ce ɓarauniyar farko: a ba su magani irin su albendazole gwargwadon nauyi a makon farko, a yi musu rigakafin PPR, wato annobar tumaki da awaki. Dusa kuma a ƙara ta sannu a hankali cikin kwana 10 zuwa 14. In ka zuba da yawa lokaci guda tumbi zai yi tsami, rago ya daina tuƙa, ya yi zawo ya ƙi ci. Kada harawar wake ko ta gyaɗa ta gaza kusan rabin abincin. Dusa zalla tana da sinadarin fosfaras fiye da kalsiyam, shi ke haifar da tsakuwa ta toshe wa rago fitsari, asarar da masu turka suka sani ana gab da Sallah. A ajiye gishiri da ruwa mai tsabta kullum, da rumfa, don ragon da ke haki a rana yana ƙona abincinsa ne wajen sanyaya jiki.

Wajen saye, matashin Balami ko Uda mai haƙora biyu, mai dogon ƙashi amma ramamme, ya fi tsoho. Tsoka kusan kashi uku cikin huɗunta ruwa ne, shi ya sa tara ta ya fi tara kitse arha, tsohon rago kuwa kitse yake tarawa.

Wanda aka yi wa duk wannan amma awo biyu a jere ya nuna ya gaza giram 80 a rana, kai shi kasuwa a ƙarshen watan farko, ka sa kuɗinsa a harawar sauran.