Tsibirin da likita yake nema, da dalolin da suka maƙale mini

Ɗana, na karanta saƙonka bayan sallar isha'i. Ka ce wani likita ya zo ofis ba na nan, yana son a shirya masa hutun kwana 10 shi da iyalinsa a watan Janairu, a tsibiri mai nisa inda babu hayaniya, mai farin rairayi a bakin teku da wurin nutso a ƙarƙashin ruwa, kuma kana tambayata ko Zanzibar za ka zaɓa masa ko Maldibs. Da na so in bar ka ka gano da kanka, tun da shekara uku ke nan kana zaune a gefen teburina, amma maganar nan ta "inda babu hayaniya" ta tayar mini da wani tsohon miki, shi ya sa na zauna nake rubuta maka.

Ba zan ɓata lokaci a kan fasfo da biza da katin rigakafin shawara ba, domin wanda bai san waɗannan ba bai kai a ba shi makullin ofis ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne ka kawo mini sunayen wurare biyu alhali ba ka yi wa mutumin tambaya ko guda ba. Haka ku yaran yanzu kuke, da kun ga hoton ruwa shuɗi a Instagram sai ku ɗauka kun san wurin. Ni na fara wannan sana'a ta shirya wa mutane tafiye-tafiye lokacin da ake rubuta tikiti da hannu a kan takardar kabon, kuma duk da haka hoto ya taɓa yaudarata.

A watan Mayun 2023 wani ɗan kwangila, wanda na kai Umara har sau huɗu, ya shigo da wayarsa a hannu ya nuna mini ɗakunan katako da aka kafa a kan ruwa, ya ce nan zai kai amaryarsa, kuma yana son tsibirin da ba zai ji muryar kowa ba sai ta teku. Na samo masa otal a can cikin tsibiran Maldibs masu nisa daga Male, babban birninsu, inda ba a zuwa sai da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Otal ɗin ya nemi a biya duka kafin zuwa. Alhaji ya ce kuɗinsa na gwamnati sun kusa fitowa, in taimaka in biya, da ya dawo zai cika mini. Saboda sabo da jin nauyi na je wurin wani ɗan canji na karɓi dala 6,000 bashi, a lokacin dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, na tura, ba tare da na sa shi ya rubuta ko layi ɗaya ba.

Kuskurena na farko a tikiti yake. Na zaɓar masa mai rahusa wanda yake sauka Male da almuru, na manta cewa jiragen nan masu sauka a kan ruwa da rana kawai suke tashi. Sai ango da amarya suka kwana a wani ɗan masauki kusa da filin jirgi, alhali an riga an biya kuɗin wannan daren a tsibiri. Kuskure na biyu shi ne watan. Daga Mayu zuwa wajen Oktoba iskar damina ce take kaɗawa a can daga kudu maso yamma, lokacin rani kuwa daga Disamba ne zuwa Afrilu, ni kuma na tura su a Yuni, kwana uku ana sheƙa ruwa suna leƙe ta taga. Waɗannan biyun laifina ne, kuma na amsa su a gaban mutane.

Sauran kuwa nasa ne. Mutumin da ya ce ba ya son jin muryar kowa, a rana ta biyu ya fara kirana da tsakar dare yana cewa na jefa shi kurkuku, babu kasuwa, babu majalisa, babu wanda zai yi hira da shi, ga Turawa suna yawo kusan tsirara a gaban matarsa, ga giya a kowane teburi. Ashe ko iyo bai iya ba, wanda ya ce mini tun yana yaro yake ninƙaya a gulbin Rima. Malamin nutso ya gwada shi a ruwa iya ƙirji, ya ga yana haɗiyar ruwa, ya ce ba zai kai shi zurfi ba. A ranar ƙarshe ya sake matsawa, suka ƙi, domin washegari da safe zai hau jirgi. Ya dawo Sakkwato ya ce bai samu abin da ya saya ba, saboda haka ba zai biya ba, alhali hotunansa suna nan a Facebook yana dariya a cikin kwale-kwale da hular malafa. Wata takwas ina sintiri tsakanin gidansa da ofishinsa, sai da dattawan unguwa suka shiga tsakani a zauren wani malami, sannan ya yarda ya ba ni naira miliyan 4.5, wai lissafin ranar da na tura. A Fabrairun 2024 ke nan, dala ta haura naira 1,500, ɗan canji kuwa dala ya ba ni kuma dala yake jira. Filin da na saya wa 'ya'yana a hanyar Gusau shi ya cike ragowar. Har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a, yana miƙo mini hannu yana tambayar lafiyar iyali.

To, ka kira likitan nan, ka fara da tambayar ko ya iya iyo da gaske, kuma ko yana da takardar shaidar nutso. Idan ba shi da ita, kwas na farko na PADI, ƙungiyar da ke ba da shaidar koyon nutso, yana cin kwana uku zuwa huɗu, kuma iyakar zurfin da yake ba mutum izini mita 18 ne, ka ga kusan rabin hutun ya tafi a koyo. Idan nufinsa ya sa gilashin ido da bututun numfashi ya kwanta a saman ruwa yana kallon kifi da murjani, wannan wani abu ne daban, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba. Ka bar masa aƙalla awa 24 tsakanin nutson ƙarshe da hawa kowane jirgin sama, har da ƙananan. Shi likita ne, ya san yadda iskar naitirojin take taruwa a jiki a cikin zurfi, ta zama kumfa a jini idan matsin iska ya ragu da sauri. Ka rubuta wa masu nutson ka tambaye su inda ɗakin jinyar wannan ciwo mafi kusa yake, ka kuma tabbata inshorarsa ta haɗa da nutso, domin da yawa ba su haɗawa.

Zanzibar da kake ta ambata, idan Nungwi ko Kendwa kake nufi a arewacin babban tsibirin, rairayin yana da kyau amma shiru ya daɗe da barin wurin, otal ne a jikin otal da kiɗa har dare. Tun Oktoban 2024 ma sun ɗora wa kowane baƙo inshorar dole ta dala 44. Pemba, tsibirin kanumfari da ke arewa da shi, yana da shiru na gaske da ruwa garau, amma ruwan mashigarsa yana da ƙarfin ja, kuma ni ba na tura sabon shiga can. Da ni ne, ga watan Janairu, tsibirin Mafiya na Tanzaniya, da ke kudu da Zanzibar, zan nuna masa. Daga Kano ko Abuja zai bi ta Adis Ababa zuwa Darussalam, daga nan ƙaramin jirgi na wajen rabin awa ya sauke shi a Kilindoni, babban garin tsibirin. Tun 1995 gwamnatin Tanzaniya ta keɓe tekun wurin a matsayin gandun da ake karewa, shi ya sa ake biyan kuɗin shiga a kowace rana da dala, kuma ka sa wannan a lissafi tun yanzu kada ya zama rigima daga baya. Mashigin Chole yana da kariya daga manyan igiyoyi, mai koyo yana jin daɗinsa. Daga Oktoba zuwa wajen Maris kuma wani ƙaton kifi mai ɗigo-ɗigo, wanda ya fi kowane kifi girma a duniya amma ba ya cin mutum, yana zuwa kiwo kusa da Kilindoni, ana iyo a gefensa. Yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne, ba zai rasa masallaci ko abincin halal ba. Amma ka gaya masa gaskiya cewa gaɓar Mafiya da yawanta itatuwan bakin teku ne, kuma idan ruwa ya janye yakan yi nisa, saboda haka farin rairayin da yake mafarki sau da yawa sai an kai shi da kwale-kwale. Kada kuma ka yarda ya ɗage tafiyar zuwa Afrilu ko Mayu, lokacin babbar daminarsu ne, wasu masaukan ma rufewa suke yi.

Idan matarsa ta fi damuwa da rairayi a kan kifi, to Maldibs a Janairu ba ta da laifi, kuma ana ba da biza ta kwana 30 a filin jirgi. Sai dai ka bambance masa tsibirin otal da tsibirin da mutanen ƙasar suke zaune. Tun wajen 2009 aka ba 'yan ƙasa damar buɗe ƙananan masaukai a garuruwansu, inda babu giya, ana jin kiran salla, kuma kuɗin bai kai na otal-otal ɗin kan ruwa ba ko kusa. Kada ka zaɓi Maafushi don shi ne sunan da ya fara fito maka a waya, ya riga ya cika da baƙi. Ka duba lokacin saukar jirginsa da lokacin tashin jirgin ruwan da zai ɗauke shi, ka kuma faɗa wa uwargida cewa ƙananan jiragen can ba su ɗaukar akwatunan da muke kai wa Jidda, kilo 15 zuwa 20 ne abin da suka saba yarda da shi.

Gobe da ƙarfe tara ka kawo mini amsoshinsa a rubuce. Kada ka tura wa kowane otal ko dala ɗaya sai kuɗinsa sun shiga asusunmu cif, an lissafa da farashin dala na ranar, ya sa hannu a takardar da ta faɗi watan, da yanayin ruwa, da abin da ba a mayarwa idan ya fasa. Idan ya ce albashi bai shigo ba tukuna, ka ba shi ruwan sanyi, ka ce maigida ya ce a jira albashin.