Wayar da ta kasa gane ƙofar gida, ta yaya za ta auna dutse?

Tambaya: Malam, ni direban tasi ne a Nima, cikin Accra. Wayata takan nuna ina tsallaken titi alhali ina wannan gefen. Sai ga ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa da GPS ake auna tafiyar ƙasar Indiya da tashin duwatsun Himalaya. Anya kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, yaron bai yi ƙarya ba, kai ma haka. Taurarin ɗan'adam na GPS ɗin dai su ne, suna can sama wajen kilomita 20,200, amma na'urar da ke saurarensu ce ta bambanta. Wayarka hanzari take yi, ta ba ka amsa nan take, ko da ta kauce da mita biyar. Ta masu bincike kuwa kafe ta ake yi a jikin dutse, ta yi shekaru ba ta gusa ba, tana sauraro dare da rana. Zangon igiyar saƙon kansa take ƙirgawa, mai tsawon santimita 19, sannan a gwada da sauran tashoshi a cire kuskuren da iska ke kawowa. A haka kuskure ke komawa 'yan milimita.

Abin da aka gani shi ne Indiya na kutsawa arewa cikin Asiya kusan santimita huɗu a shekara, faɗin yatsu biyu ke nan. Wajen rabinsa a Himalaya yake maƙalewa. Shekara kimanin miliyan 50 ana wannan turereniya, ƙasa na tattarewa kamar tabarmar da aka tura jikin bango.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ba tsawon dutsen ba ne. Na'urar tana nuna inda ƙasa ta cije tana tara ƙarfi. Ranar 25 ga Afrilu 2015 ta suɓuce a Nepal da ke yankin Himalaya, aka yi girgizar ƙasa, mutane kusan 9,000 suka rasu, Katmandu babban birnin ƙasar ta ɗaga da kusan mita guda. Sai dai na'urar ba ta faɗin ranar da abin zai faru, kada wani ya ruɗe ka.

Mu a Gana ba a bakin karon muke ba. Tuddan Aburi da ke kusa da Accra ragowar tsohon karo ne na ɗaruruwan miliyoyin shekaru, amma tsagar da ya bari tana nan. Girgizar 22 ga Yuni 1939 ta kashe mutum 17 a Accra, kuma har yau mutanen Weija da ke yammacin Accra kan ji ƙasa ta motsa.