Amsa: Ta ina za a fara haɗa tarihin Baba?

Malam, Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata namu zuwan. Tunda ya yi soja, ya koyar, ya kuma yi wa unguwa hidima, ga inda za ka kama.

Fara da lambarsa ta soja. Tana cikin littafin sallamarsa, tare da ranar shiga aiki da muƙaminsa na ƙarshe. In babu lambar, Hukumar Fanshon Soja a Abuja za ta sha wuya kafin ta gano fayil ɗinsa, don da yawa sun shiga soja da sunan garinsu maimakon na mahaifi. In ƙaramin soja ne, mai yiwuwa a Depot, cibiyar horar da sababbin sojoji ta nan Zariya, ya samu horo. In ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, nemi tsofaffin 'yan mazan jiya tun da wuri, shekaru sun ja.

Koyarwa mai sauƙi ce: nemi takardar shaidar malanta ta Grade II da kundin makarantar da ke ofishin hedimasta.

Hidimar unguwa kuwa ba a rubuce take ba. Zauna da mai unguwa da liman, ka naɗi muryarsu a waya. Shekarar haihuwar da ke takardun aiki sau da yawa ƙiyasi ce, ka gwada ta da ta sa'anninsa.