Amsa kan abin da ke riƙe ƙwayoyin halittar jiki wuri guda

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin tambayi abin da ke hana ƙwayoyin halittar jiki wargajewa, da dalilin da ya sa ake sa ku haddace sunayen mahaɗansu a makarantar koyon aikin jinya. Na yi aiki a ɗakin majinyata kafin na koma koyar da wannan darasi, kuma shawarata ita ce ki sassauta hadda, ki koyi kowane ɓangare ta hanyar cutar da ke bayyana idan ya lalace.

Abu na farko shi ne kayan da ƙwayoyin da kansu suke fitarwa su cike tsakaninsu, kamar lakar da magini ke kwaɓawa da ciyawa ya sa tsakanin tubali. Zaren kolajin shi ne ciyawar, lakar kuma wani abu ne mai yauƙi da ke riƙe ruwa. Kolajin ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na furotin ɗin jiki, kuma ba ya ƙwari sai da bitamin C. Shi ya sa wanda ya daɗe bai samu wannan bitamin ba dasashinsa ke zubar da jini, haƙoransa su yi girgiɗi, har tsohon rauni ya sake buɗewa. Wannan ce cutar da ake kira scurvy, wadda James Lind, wani likitan sojan ruwan Birtaniya, ya gwada maganinta da lemu a kan matuƙan jirgin ruwa a 1747. Idan kuma kolajin ya yi yawa wajen warkewar rauni, sai tabo ya yi tudu ya wuce iyakarsa, abin da muke yawan gani bayan hujin kunne.

Akwai kuma wata siririyar shimfiɗa da ƙwayoyin fata da na jijiyoyin jini suke zaune a kanta, wadda ɗalibai kan raina saboda ƙanƙantarta. Ni ban taɓa raina ta ba tun da na ga wanda kububuwa ta sara. Dafin wannan macijiya, wadda ta addabi manoma a yankin Kaltungo na Jihar Gombe, yana narkar da shimfiɗar da ke kewaye da ƙananan jijiyoyin jini, ya kuma hana jinin daskarewa, sai majinyaci ya riƙa zubar da jini ta dasashi da ƙarƙashin fata.

Abu na biyu shi ne mahaɗan da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Desmosom shi ke ɗaure ƙwayoyin fata don kada su rabu idan an ja su. A cutar pemfigus garkuwar jiki ce take kai masa hari, sai fata da cikin baki su yi bororo su saluɓe. Matsattsiyar mahaɗa tana toshe tsakanin ƙwayoyin hanji da na jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, don kada komai ya ratsa ba bisa ƙa'ida ba. Ta uku kuwa 'yar kafa ce da furotin konekzin ke ginawa, wadda saƙon lantarki ke bi daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Da ita tsokar zuciya ke bugawa tare, kuma yawanta na ƙaruwa a mahaifa gab da naƙuda, domin tsokar ta matsa gaba ɗaya.

Idan kin je ɗakin mata za ki ga amfanin wannan duka. Muddin ƙwayoyin da suka fara lalacewa a bakin mahaifa ba su huda shimfiɗar nan ba, ana iya kawar da su cikin sauƙi. Da zarar sun saki maƙwabtansu sun keta ta, sankara ta samu hanyar yaɗuwa. Saboda haka ki dage wajen jan hankalin mata su zo gwaji tun ba su ji ciwo ba.