Motar ziyara na cika, amma daga shagon yadi ake biyan kuɗin mai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Tsohuwar Kasuwa a nan Sakkwato, shadda da yadi nake sayarwa. Tun bara na fara haɗa mutane kaɗan-kaɗan, 14 a mota ɗaya, ina kai su ziyara Hubbaren Shehu da gidan tarihi na Waziri Junaidu da Sifawa, wani lokaci har Gwandu ko Argungu. Kujera naira 15,000 ce har da abinci. Na yi tafiya bakwai, kuma kullum motar cike take, ko da yake akan samu 'yan'uwa biyu ko uku da ba na karɓar kuɗinsu, wasu abokai kuma su ba da rabi. Ban cika rubutawa ba, daga shago nake ɗaukar kuɗin mota da na abinci, in an biya in mayar, amma na san ana samu. Yanzu ina so in rage kayan shago in sayi bas tawa, in ƙara da kai mutane yawon duwatsu kamar Kwatarkwashi da Zuru. Na ga a intanet yadda masu wannan harka a ƙasashen waje ke samun kuɗi. Wace irin mota ya kamata in saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Ba zan zaɓa maka mota ba, domin lokacin sayen mota bai yi ba. Akwai magana ɗaya a cikin wasiƙarka da ta tsaya mini a rai: ba ka rubutawa, amma ka san ana samu. Ta ina ka sani, Alhaji? Kai da ba ka taɓa sa almakashi a bandir ba sai ka san nawa yadi ɗaya ya faɗo maka, yau ka yi tafiya bakwai da mutanen da suka kusa ɗari, kuma ba za ka iya faɗa mini abin da ko tafiya ɗaya ta ci ba. Abin da ka gani shi ne mota cike da mutane suna sa maka albarka. Wannan abin farin ciki ne, amma kallon kitse kake yi wa rogo.

Tunda ba ka ba ni lissafi ba, zan ƙiyasta maka, kai kuma ka gyara inda na yi sama ko ƙasa. Mu ɗauki tafiyar yini ɗaya zuwa Argungu a dawo. Shatar bas haɗe da kuɗin mai, mu ce 85,000. Ihsanin da ake yi wa masu kula da wurare da mai bayani, 15,000. Katin waya da talla, 5,000. Abincinka da na direba, 5,000. Ka ga 110,000 ta fita ke nan, ko mutum ɗaya ne a motar ko cike take. Sannan kowane fasinja zai ci ya sha na kamar 2,500, saboda haka abin da ke rage maka a kowace kujera 12,500 ne. Raba 110,000 da 12,500, za ka ga sai mutum tara sun biya cif kafin ka fitar da uwar kuɗinka. Mutum tara na farko ba naka ba ne, na mai mota ne da gidan mai da mai abinci. Ribarka duka tana cikin kujeru biyar na ƙarshe, in kowa ya biya ka tashi da kamar 65,000.

To su waye ke zaune a kan waɗannan kujeru biyar? Ƙanenka, da ɗan yayarka, da surukinka, da abokai biyu masu ba da rabi. Tara sun biya 135,000, masu rabi sun ba da 15,000, jimla 150,000. Abin da ya fita 145,000, don waɗanda ba su biya ba ma sun ci shinkafa sun sha ruwan sanyi. Naira 5,000 ka tashi da ita, kuma ranar ka bar shago a hannun yaro tun safe har magariba. In taya ta fashe a hanya, ko direba ya ce an ƙara kuɗin mai, ka shiga uwar kuɗi. Kuma ba za ka taɓa jin zafin ba, saboda durowar shago ce ke cike giɓin ba tare da ta yi ƙara ba. Nan ne ciwon yake. Harka biyu suna ci a akwati ɗaya, mai lafiya tana ciyar da marar lafiya, mai su kuma yana ganin duka biyun ƙalau suke.

Ban ce ka daina zumunci ba, Allah ya kiyaye. In kana so ka kai surukinka ya ga kabarin Malam Abdullahi a Gwandu, abu ne mai kyau kuma akwai lada. Amma ka sa hannu a aljihunka ka fitar da 15,000 ka biya masa kujera, ka rubuta cewa Alhaji ya biya wa suruki. Ranar da ka ga kyautar a rubuce da baƙin biro, kai da kanka za ka san mutum nawa kake iya ɗauka. Su kuma abokai masu rabi, sabo da kaza ba ya hana yanka. In sun zo shago ba ka ba su shadda a rabin kuɗi.

Na san wani bawan Allah da ya bi wannan hanyar kafin kai. Kayan masarufi yake sayarwa, kuma yana kai ɗaliban Islamiyya da iyayensu ziyara Hubbare da Wurno. Mutane suna yabonsa ƙwarai, shi ma ya ga motar haya na cika ya ce me zai sa ya riƙa ba wani kuɗin shata. Ya sayi bas. Da zafi ya shigo ziyara ta tsaya, sai ya ba wani ɗan'uwansa motar ya riƙa lodi a tasha yana kawo balas. Balas ɗin yau a kawo, gobe a ce bakanike ya cinye. Duk gyara daga shago ake ɗauka, babu mai rubutawa. Ranar da ya kira ni mu zauna lissafi, na miƙa hannu kanta na sama na taɓa kwalin madara, sai na ji ba nauyi. Na taɓa na kusa da shi, shi ma haka. Kwalaye ne babu komai a ciki, ya jera su don kada masu wucewa su gane shagon ya zube. Motar kuma tana garejin bakanike injin ya buga. Mutumin kirki ne, ba ya caca ba ya almubazzaranci, har yau in na tuna fuskarsa a wannan ranar raina yana ɓaci. Da ya riƙe littafi tun tafiyar farko, da ya ga ramin tun yana ɗan ƙarami.

Maganar bas kuwa, lissafinta gajere ne. Mu ce ka samu 'yar Kwatano a miliyan 10. Mai dai dole ka saya, direba dole ka biya, saboda haka abin da za ka tsira da shi a kowace tafiya bai wuce kamar 40,000 ba. Ko ka ninka ƙoƙarinka ka yi tafiya 20 a shekara, 800,000 ke nan, sama da shekara 12 kafin motar ta mayar da kuɗinta, ban sa taya da juye da takardu da inshora ba. Kuma wannan harka a Sakkwato ta 'yan watanni ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake jin daɗin fita. Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, babu mai biyan kuɗi ya je ya tsaya a rana yana kallon ganuwa. Ga azumi, ga damina da hanyoyin ƙauye ke lalacewa. Bikin kamun kifi na Argungu ma ba kowace shekara ake yin sa ba, kada ka gina lissafi a kansa. Motar shata in ba tafiya ba ta cin ko sisinka. Taka kuwa tana ci ko tana ajiye.

Abin da ka gani a intanet kuma, ka ga hotunan duwatsu da baƙi suna murmushi, ba ka ga littafinsu ba. Waɗannan kamfanoni mutum na biyansu tun saura makonni ko watanni, kuma da yawansu sukan rubuta tun farko cewa in ba a kai adadi kaza ba an fasa tafiyar. Wannan ne abin koyi a wurinsu, kuma ba ya buƙatar ko kwabo na jari.

Kwatarkwashi da Zuru ka ajiye su tukuna. Kwatarkwashi tana kusa da Gusau, sama da kilomita 200 daga nan, Zuru kuma can kudancin Kebbi take. Duka biyun tafiyar kwana ce, ga masauki ga abinci sau uku, farashinka na yanzu ba zai ɗauka ba. Wanda ya fi wannan girma, duk wanda ke zaune a Sakkwato ya san halin da hanyoyin nan suke ciki. Rayukan mutane 14 amana ce a wuyanka. Ko wurare irin su Alƙalawa da Gudu, da duk mai son tarihin jihadi ke burin gani, kada ka sa su a talla sai mutanen wurin da jami'an tsaro sun tabbatar maka a makon tafiyar.

Abin da ke kusa da kai ya ishe ka, kuma ba ka gama cin moriyarsa ba. Hubbare, Masallacin Shehu, ƙofar fadar Sarkin Musulmi, gidan tarihi, Giginya inda aka gwabza da Turawa a 1903, tsofaffin ƙofofin gari irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke, sannan Sifawa da ke nan kusa ta hanyar Boɗinga. Rabin yini ne, mai kaɗan, kuma ko mutum shida ka samu za ka iya fita da ƙaramar mota. In akwai inda nake so ka ƙara kashe kuɗi, to a kan mai bayani ne. Kowa na iya hawa a-daidaita-sahu ya je Hubbare da kansa. Abin da zai sa ya biya ka shi ne ya samu wanda zai tsaya da shi ya faɗa masa cewa Shehu ya taso daga Sifawa ya dawo Sakkwato a 1815 ya rasu a 1817, cewa Nana Asma'u na kwance kusa da mahaifinta, cewa Muhammadu Bello da ya kafa garin ba a nan yake ba, a Wurno ya rasu a 1837 kuma can aka rufe shi. Nemi ɗalibin tarihi daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani dattijo da ya san abin, ku yanka lada, ka biya shi ranar, shi ma ka sa shi a littafi.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin ka buɗe shago ka sayi littafin makaranta guda. Kowace tafiya shafi biyu. A hagu sunan kowane fasinja da abin da ya biya da ranar da ya biya. A dama duk abin da ya fita, har naira 200 ta ƙanƙara. Ware 150,000 a matsayin jarin ziyara, ka buɗe mata asusu daban, daga ranar durowar shago ta haramta gare ta. Kujera ba ta zama ta mutum sai ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ragowar kuma ana gobe tafiya, ba a bakin mota ba. In saura kwana uku masu biya ba su kai tara ba, ka ɗaga tafiyar ko ka ɗauki ƙaramar mota, wanda bai yarda ba ka mayar masa da kuɗinsa. Ka faɗa wa kowa wannan sharaɗi tun ranar da ya biya, don kada ya zama abin jin haushi.

Ka yi tafiya shida a haka, sannan ka ɗauki hoton shafukan 12 ka turo mini. In jarin nan na 150,000 ya ƙaru bayan ka cire ladan yininka, za mu yi maganar ƙara farashi da ƙara yawan tafiya. In ya ragu, za mu duba shafin hagu mu ga kujerun da suka cinye shi.